Kulle wani sashe na fayil ɗin XML da kalmar sirri: wa ya taɓa yi?

Bashir_Argungu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wa wata ƙungiyar manoman shinkafa a nan wajenmu 'yar manhajar rajista da yaren kwamfuta na C#. Ana shigar da sunan manomi, ƙauyensu, buhunan takin da ya karɓa bashi, lambar waya, NIN da lambar asusun banki. Manhajar tana zuba komai a fayil ɗin XML, sakatare ya tura wa ma'aji da ke Birnin Kebbi ta WhatsApp, wani lokaci a filash. Ga yadda kowane manomi yake fitowa, na share lambobin:

```
<manomi lamba="0142">
  <suna>...</suna>
  <buhu>6</buhu>
  <sirri>
    <waya>...</waya>
    <nin>...</nin>
    <asusu>...</asusu>
  </sirri>
</manomi>
```

Mai kula da sito shi ma fayil ɗin yake amfani da shi, amma suna da yawan buhu kawai yake buƙata. Ina so sashen sirri ya kulle, ba mai ganin abin da ke ciki sai wanda ya san kalmar sirri, sauran kuma su zauna a buɗe. Ta ina zan faro?

danJega07: Wa alaikumus salam. Maida shi Base64 kawai malam, layi biyu ne. Duk wanda ya buɗe ba abin da zai gane.

KauraCoder: Haba ɗan Jega. Base64 ba kulli ba ne. Kwafe rubutun ka manna a kowane shafin intanet na warware Base64, kafin ka ƙifta ido NIN ɗin mutum ya fito. Ba kalmar sirri, ba mabuɗi. An yi shi ne don a iya rubuta bait (ƙananan gutsattsarin bayanan kwamfuta) da haruffa, kowane bait 3 ya zama harafi 4, shi ke nan aikinsa.

danJega07: To ai manoma ne, wa zai zauna shina warware musu?

Maryam_Gusau: Ba manoman ake tsoro ba. Yaron da ke gyaran wayar sakatare, ko wanda ya tsinci filash a tasha. Suna, lambar waya, NIN da lambar asusu a wuri ɗaya, ai kayan aikin masu buga waya su ce daga banki ne ke nan.

Injiniya_Sani: Bashir ƙanena, abin da kake nema an riga an tsara shi tuntuni. W3C, masu tsara ƙa'idojin yanar gizo, waɗanda suka fitar da XML ɗin kansa a 1998, sun fitar da ƙa'idar XML Encryption a Disambar 2002, suka sabunta ta zuwa 1.1 a 2013. Ana ɗauke sashen da kake son ɓoyewa, a kulle shi, a ajiye wani sashe mai suna EncryptedData a gurbinsa. Cikinsa akwai EncryptionMethod da ke faɗin irin kullin, sai CipherData da CipherValue inda kullallen abin yake zaune. A nan ne Base64 ɗin ɗan Jega ke shigowa, bayan an riga an kulle, don XML ba ya ɗaukar ɗanyen bait.

Akwai zaɓi biyu: a kulle sashen dungurungum har da sunansa, ko a kulle abin da ke ciki a bar <sirri> a waje. Ni na farkon nake yi.

A .NET, wato kayan aikin da C# ke tafiya da su, kana da ajin EncryptedXml a System.Security.Cryptography.Xml. EncryptData zai ba ka kullallun bait, ka zuba su a CipherValue, ReplaceElement ya musanya. Wajen buɗewa DecryptData sannan ReplaceData. Wannan duk mai sauƙi ne. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne tsakanin kalmar sirri da mabuɗi.

Bashir_Argungu: Na gode Injiniya. Ni da a tunanina kalmar sirrin ce mabuɗin, in ba ta kai tsawon ba in cike da sifili.

Injiniya_Sani: Ramin ke nan. AES-256, irin kullin da za ka yi amfani da shi, mabuɗi mai bait 32 yake so, kuma so yake ya zama kamar an watsa shi ba tsari. Kalmar da ɗan Adam zai riƙe a kai ba haka take ba. Sai a bi da ita ta PBKDF2: a ba shi kalmar, a ba shi gishiri, wato bait 16 da kwamfuta ta zaɓo ba tare da wani tsari ba ga wannan fayil kaɗai, a faɗa masa sau nawa zai maimaita niƙan. Abin da ya fito shi ne mabuɗin. A .NET sunansa Rfc2898DeriveBytes, an ɗauko sunan daga RFC 2898 ta shekarar 2000. Ka kiyaye: tsoffin hanyoyin kiransa, in ba ka faɗa ba, maimaici 1000 suke yi da tsohon injin niƙa SHA-1. Wannan lissafin zamanin da ne. OWASP, ƙungiyar masana tsaron manhaja, sun ba da shawarar 600,000 in da SHA-256 kake. Rubuta adadin da hannunka.

Gishirin da adadin maimaicin ba sirri ba ne, a cikin fayil ɗin za ka ajiye su, in ba haka ba kwamfutar ma'aji ba za ta iya sake fitar da mabuɗin ba.

ZuruTech: Tsaya Injiniya. In gishirin yana cikin fayil a fili, mene ne amfaninsa? Ɓarawon ma ai ya gani.

Injiniya_Sani: Ya gani, amma ba zai iya zuwa da aikin da ya riga ya gama ba. Ba gishiri, mutum zai lissafa mabuɗan kalmomin da aka saba sawa sau ɗaya ya ajiye, duk fayil ɗin da ya samu ya gwada. Da gishiri, kowane fayil daga farko zai faro. Kuma ko ƙungiyoyi biyu sun sa kalma ɗaya, mabuɗansu ba za su zo ɗaya ba.

danJega07: 600,000 bisa laftof ɗin sakataren ƙungiya? Wadda in an kunna ta sai an yi alwala an dawo kafin ta tashi? Ku ji tsoron Allah.

KauraCoder: Ko tsohuwar kwamfuta ce 'yan daƙiƙu ne. Sharaɗin dai a fitar da mabuɗin sau ɗaya ga fayil. In ka sa shi cikin zagayen da ke bin manoma ɗaya bayan ɗaya, kuma kana da mutum 800, to a nan har sallar ma sai ka idar.

Malama_Hadiza: Ni bari in kawo wata magana daban. Malam Bashir, me ya sa dole fayil ɗaya? Ka fitar da biyu mana. Na mai sito: lamba, suna, buhu. Na ma'aji: komai da komai, a kulle shi gaba ɗaya da 7-Zip, AES-256, a sa alamar ɓoye sunayen fayil. Ba ka rubuta kod ɗin kulli ko layi ɗaya ba, ba ka kuma da inda za ka yi kuskure. Ɗalibaina duk wanda ya ce zai rubuta nasa kullin, sai na tarar da mabuɗin a rubuce cikin kod ɗin, ko IV ɗaya ga kowa, wato lambar farawa da ya kamata kowane kulli ya samu sabuwa. A kula dai a zaɓi tsarin 7z ko AES, ba tsohon ZipCrypto ba, wancan an daɗe da fasa shi.

Bashir_Argungu: Malama, na yi tunanin haka. Matsalar ita ce fayil biyu sai sun saɓa. Mai sito ya gyara buhu a nasa, ma'aji na riƙe da tsoho, ranar biya a yi ta gardama.

Malama_Hadiza: Wannan matsalar tsari ce ba ta kulli ba. Ko fayil ɗaya ne, da zarar ya shiga waya uku ya zama uku.

Alh_Mafara: Salamu alaikum samari. Ni ban san wanga yaren naku ba, lissafi na sani. Amma ina da tambaya guda. Wata ƙungiya da na yi wa aikin bincikar littafi, ma'ajinsu ya kulle takardar Excel da kalma, shi kaɗai ya sani. Allah ya yi mishi rasuwa ana tsakiyar rabon bashi. Anka kai kwamfutar Gusau, anka kai Sakkwato, kowa ya ce ba ta buɗuwa. Da ƙyar munka harhaɗa lissafin daga rasit da tsoffin littattafai. To wanga naku, in mai kalma ya faɗi, mi za a yi?

Injiniya_Sani: Allah ya jiƙansa. Alhaji, tambayarka ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. In an yi kullin daidai, babu ƙofar baya, kalma ta tafi abin ya tafi. Maganin da ake yi: kada a kulle bayanan da mabuɗin kalmar kai tsaye. Kwamfuta ta zaɓo mabuɗin fayil na kanta, da shi a kulle bayanan. Shi kuma wannan mabuɗin a naɗe shi sau biyu, sau ɗaya da kalmar ma'aji, sau ɗaya da ta shugaba, a ajiye naɗin biyu a cikin fayil. Ƙa'idar ta tanadi sashen EncryptedKey don haka, kuma ana iya sa fiye da ɗaya. Kowa a cikinsu zai buɗe da tasa kalmar ba tare da ya san ta ɗan uwansa ba. Wani alherin kuma, ranar da aka canja ma'aji, naɗin kawai za a sake.

Alh_Mafara: To madalla. Ni da na ce a rubuta a takarda a liƙe ambulan a ba limami ko hakimi.

Malama_Hadiza: Alhaji, ba ka yi kuskure ba ko kaɗan. Takarda a ambulan cikin akwatin ƙarfe ta fi kalma a saƙon waya tsaro nesa ba kusa ba.

ZuruTech: Tunda an ambaci Excel, ni na taɓa buɗe wa wani kullalliyar takarda cikin minti biyar. Me ya sa ta Alhaji ta gagara?

KauraCoder: Don kulli biyu ne daban. Fayil ɗin xlsx da docx ai ZIP ne cike da XML. Canja ƙarshen sunan xlsx ɗin zuwa zip ka buɗe, za ka ga xl/worksheets/sheet1.xml. In kariyar shafi aka sa, wadda ke hana gyara, layi ɗaya ne mai suna sheetProtection, share shi ka mayar, an gama. Bayanan a fili suke tun farko. Amma in kalmar buɗewa ce, dukkan kunshin ake kullewa da AES, fayil ɗin ma ya daina zama ZIP. Ta marigayin irin ta biyun ce.

ZuruTech: Lallai ta farkon na tarar. Na ci kuɗin banza ashe.

ɗanYauri: Ku yi haƙuri in mayar da mu kan tambayar Bashir, don akwai abin da ba wanda ya taɓo kuma shi ne zai ci kuɗi. Ku sake duba fayil ɗinsa. A ce an kulle <sirri> na kowane manomi, kulli mai kyau, kalma mai ƙarfi. Ni mugu ne, fayil ya biyo ta hannuna. Ban san kalmar ba, ba na ma buƙata. Sai in yanke EncryptedData na manomi 0142, wanda ƙanena ne, in manna a gurbin na manomi 0077 mai babbar gona. Ma'aji ya sa kalma, komai ya buɗe lafiya lau, ya tura kuɗin shinkafar 0077 a asusun ƙanena. Haka buhu 6 da ke waje, in mayar da shi 2, wa zai sani? Kulli yana hana gani, ba ya hana taɓawa.

Maryam_Gusau: Innalillahi. Wannan ko a mafarki ban kawo ba.

Bashir_Argungu: Ɗan Yauri ka tayar min da hankali. To GCM da nake gani ana ambata ba ya maganin wannan?

ɗanYauri: Yana maganin rabi. GCM wani yanayin aiki da AES ne, yana liƙa hatimi mai bait 16, in an canja ko bit ɗaya a cikin kullallen abin, ya ƙi buɗewa. Amma in an ɗauke shi duka da hatiminsa an kai wani gurbi, hatimin lafiyarsa lau. Sai ka ɗaure shi da gurbinsa. Hanya mafi sauƙi: ka maimaita lambar manomi da yawan buhu a cikin <sirri> kafin ka kulle, bayan buɗewa ka gwada da na waje, in sun saɓa manhaja ta yi ihu. In kai tsaye kake kiran AesGcm, yana da gurbin ƙarin bayanin da ba a kullewa amma hatimi ke rufewa, zuba lambar manomin a nan.

Injiniya_Sani: Gaskiyar ɗan Yauri. In ƙara: XmlEncAES256Url da ke cikin EncryptedXml tsohon yanayin AES ne mai suna CBC, ba hatimi. A 2011 Tibor Jager da Juraj Somorovsky na jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus sun nuna yadda ake fasa XML Encryption mai CBC: a riƙa tura wa saba gurɓataccen saƙo ana kallon irin kuskuren da take mayarwa, a hankali har a tatso abin da ke ciki ba tare da mabuɗi ba. Shi ya sa 1.1 ta shigo da GCM. Gaskiya harin yana buƙatar na'urar da ke amsawa sau dubbai, fayil a filash ba haka yake ba. Amma yau filash ne, baɗi ƙungiya ta ce a ɗora a intanet, kod ɗin kuma shi ne dai.

KauraCoder: Wani abin haushi na CBC ɗin: in an sa kalmar da ba daidai ba, ba kullum yake cewa kuskure ba. Bait na ƙarshe kawai ake dubawa don cire ciko, kusan sau ɗaya cikin 16 sai ya dace, ya miƙo maka shara. Sai wajen karanta XML ɗin ya fashe da wani saƙo da ba shi da alaƙa da kalmar sirri, ma'aji ya kira ka da dare ya ce manhajarka ta lalace. Da GCM amsa ɗaya ce: ya buɗe ko bai buɗe ba.

danJega07: To kun gani? Kun ce GCM, kayan .NET ɗin kuma CBC. Wanga aiki ya hi ƙarhin rajistar taki. Ni ina bayan Malama, 7-Zip a wuce wurin.

ɗanYauri: 7-Zip ɗin bai hana a gyara fayil ɗin mai sito ba, tunda a buɗe yake.

Malama_Hadiza: Bai hana ba, amma na ma'aji shi ne asali, kuma da shi ake biya. Na mai sito kwafe ne. In sun saɓa an san wanda za a bi.

Maryam_Gusau: Bari in faɗi yadda muke yi a aikin tattara bayanai, ko zai yi amfani. Da ODK muke aiki, wata manhajar cike fom a waya, fom ɗinsa XML ne, amsoshin ma XML. In an kunna kulli, mabuɗin fili kawai ke cikin fom ɗin da ke wayar ma'aikaci. Da ya kammala fom, sai a kulle, shi kansa ba zai iya sake buɗewa ba. Mabuɗin ɓoye yana ofis. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, wayoyi sun daɗe a hannun ma'aikata cike da fom ba a tura ba, hanyoyin kuma kun san yadda suke. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne ko an ƙwace waya ba abin da za a karanta a kammalallun. Shi sakataren Bashir, yana buƙatar buɗewa ne, ko kullewa kawai? In kullewa ce kawai, me zai yi da kalmar sirri?

Injiniya_Sani: Hajiya Maryam ta kawo magana. EncryptedKey ɗin da na ambata yana karɓar RSA, wato kulli mai mabuɗin fili da na ɓoye, har ma ita ce hanyar da aka fi bi, irin ta tsarin SAML da ake amfani da shi wajen shiga manyan shafuka. Kalmar sirri sai ta koma tsaron mabuɗin ɓoye a kwamfutar ma'aji kaɗai.

Bashir_Argungu: Yana buɗewa, Hajiya. Manomi kan dawo ya ce an yi kuskure a lambar asusu, ko ya canja layi.

Maryam_Gusau: Sai ya shigar da sabuwa ta danne tsohuwa. Ba sai ya ga tsohuwar ba.

Bashir_Argungu: Mutanenmu sai an karanto musu sun ji da kunnensu. Amma zan iya barin lambobi huɗu na ƙarshe a fili.

Kabiru_BK: Na makara amma na karanta duka. Kuna ta maganar AES da GCM, ni kalmar da za a sa nake jiye wa. Na rantse in ba a hana ba lambar wayar shugaba za a sa, ko sunan ƙungiya da 2024. Lambar waya 11 ce, huɗun farko sanannu ne, saura 7, wato miliyan 10 ga kowane layi. Ga mai kwamfutar wasa mai katin hoto wannan ba aiki ba ne ko da maimaici 600,000. Balle lambar shugaban tana jikin allon ofis. Ba wanda zai tsaya fasa AES, kalmar za a yi ta gwadawa, kuma tunda fayil ɗin na hannunsa ba mai ce masa ya isa bayan gwaji uku. Manhajar ta zaɓo musu kalmomi shida da kanta daga dogon jeri, a rubuta a takarda.

danJega07: Kalma shida! Sakataren da ke buga haruffa da yatsa guda.

Kabiru_BK: Kalmomin Hausa ne ai, irin su rumbu, kwale-kwale, tsamiya. Sun fi Xq7 da alamar dala sauƙin riƙewa. Sharaɗin kawai kada mutum ya zaɓa da kansa, don karin magana ko baitin waƙa zai ɗauko.

KauraCoder: Kabiru, in za a yi haka a cire kalmomi masu ƙ, ɗ, ɓ daga jerin. Ga kwamfuta k daban ƙ daban, a UTF-8 ɗaya bait 1 ce ɗaya bait 2. Sakatare ya buga da allon da ke da lanƙwasa, ma'aji ya buga da wanda babu, mabuɗi biyu daban za su fito. Bashir kuma ka tabbata Encoding.UTF8 kake amfani da shi wajen mayar da kalma bait, ASCII zai mayar da su alamar tambaya ba tare da ya faɗa maka ba. Haka fayil ɗin kansa, don sunayen ƙauyuka.

ZuruTech: Ba Argon2 ne ake yayi yanzu a madadin PBKDF2 ba? Na ga KeePass, manhajar adana kalmomin sirri, na da shi, kuma cikin fayil ɗinsa ma XML ne.

Injiniya_Sani: Shi ya ci gasar hanyoyin niƙa kalmar sirri ta 2015, kuma ya fi PBKDF2 wahalar da masu katin hoto saboda yana cin ƙwaƙwalwar na'ura. Amma ba ya cikin kayan .NET na asali, sai ka ɗauko na waje, kuma PBKDF2 ne ƙa'idar 1.1 ta ambata. Lura kuma da KeePass ɗin da ka kawo: dukkan XML ɗin yake kullewa, ba sashe-sashe ba. Wannan maki ne ga Malama.

Malama_Hadiza: Na karɓa, Injiniya.

Alh_Mafara: Wata tambaya kuma. Ita kalmar, ta ina za a ba ma'aji? Don na san halinmu, za a turo fayil, a biyo shi da kalmar a saƙo na gaba.

Maryam_Gusau: Wallahi haka ake yi, Baba. An kulle ɗaki an rataye makulli a jikin ƙofa.

danJega07: Ai WhatsApp ɗin kansa kulle yake tun 2016, mi ag gardama?

Kabiru_BK: A hanya yake kulle. Da ya sauka, fayil ne kamar kowane a cikin waya, kuma danna biyu ya isa a tura shi zauren 'yan ajinmu bisa kuskure. Kalma baki da baki za a ba da ita, ranar taron wata.

Barista_Gwandu: Ban iya kod ba, amma a sani cewa tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, da hukumarta NDPC. Wanda ya tara bayanan mutane, tsaronsu na wuyansa, kuma in sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 doka ta ba shi ya sanar da hukumar. Dokar kuma ta ce a karɓi abin da ake buƙata kawai. Shi ya sa nake tambaya: NIN ɗin nan, me ƙungiya ke yi da shi bayan rajista? In don wani shirin bashi aka karɓa, an miƙa an gama, me ya sa yake yawo a fayil duk wata?

Bashir_Argungu: Barista, tun zamanin shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a nan Kebbi a 2015 mutanenmu suka saba duk rajista sai an haɗa da lambobin shaida, ko za a nema. Zan gaya wa shugaba, amma na san amsar: a bar shi, ba a san gobe ba.

Barista_Gwandu: A bar shi a kwamfutar ma'aji. Ba sai ya hau mota zuwa Argungu ya dawo ba.

ɗanYauri: Ƙari ɗaya kafin in tafi, wuta ta ɗauke batir na kuka. Kowane <sirri> da IV ɗinsa sabo, bait 12 in GCM ne, daga RandomNumberGenerator ba Random ba. Maimaita IV da mabuɗi ɗaya a GCM ya fi CBC ɗin da muke zagi muni. Kuma in ma'aji ya buɗe, a nuna masa a allo kawai. Kada manhaja ta rubuta buɗaɗɗen kwafe a Desktop da sunan na wucin gadi, nan zai shekara.

Bashir_Argungu: To ga inda na tsaya a daren nan. NIN zan cire daga fayil mai yawo in shugaba ya yarda. Waya da asusu zan kulle da AesGcm, lambar manomi da buhu a ƙarƙashin hatimi kamar yadda ɗan Yauri ya ce, mabuɗin fayil a naɗe da kalma biyu. Abin da ban yanke ba: in bi tsarin EncryptedData na W3C sak, ko in yi nawa ɗan sashen mai gishiri, IV da kullallen abu, tunda manhajata ce kaɗai ke karantawa?

Injiniya_Sani: Bi na W3C. Wata rana ba kai ne za ka riƙe aikin ba. Wanda ya gada zai iya buɗewa da kayan aikin da suka san ƙa'idar, irin su xmlsec ko Apache Santuario, ba sai ya nemo ka ba.

KauraCoder: Ni ban yarda ba. Tunda EncryptedXml ba zai yi masa GCM ba, da hannu zai gina sassan, kuma a ƙa'idar ba gurbin ƙarin bayanin da ɗan Yauri ya ce. In ya sa shi, Santuario ɗin ba zai buɗe ba, sunan ƙa'ida kawai ya ara. Gara nasa, ya rubuta bayanin tsarin a shafi ɗaya ya ajiye tare da kod.

Injiniya_Sani: Sai ya bi ɗaya hanyar, ya maimaita lambar a cikin <sirri>. Ƙa'ida ta tsaya, ɗaurin ma ya tsaya.

KauraCoder: In wanda ya gada ya tuna ya gwada lambobin biyu.

Malama_Hadiza: Ni dai har yanzu fayil biyu. Malam Bashir, in ka gama ka turo kod ɗin ba tare da bayanan mutane ba, in ba 'yan ajina su nemo ramukan, aikin gida ya samu.

ZuruTech: Wai a Python fa? Ina da irin wannan na wani kantin magani, amma JSON ne ba XML ba.

Admin_Nura: Buɗe sabon zare ZuruTech, wannan ya yi tsawo. A kuma daina turo hoton allo mai lambobin mutane, na goge guda ɗazu.

danJega07: Ba ni ba ne dai. Bashir, laftof ɗin sakataren Windows nawa ce? In 7 ce, duba ko .NET ɗin da ke da AesGcm zai ma hau kanta kafin ku ci gaba da gardama.